Takobi, Giya da Kurkukun Jami'a: Rayuwar Ɗaliban Jamus a Ƙarni na 19

Tambaya: Na ga tsofaffin hotunan wasu manyan Jamusawa, alƙalai da likitoci da manyan ma'aikatan gwamnati, da yawansu da tabon yanka a kunci, aka ce mini a jami'a suka samo shi. An kuma ce jami'o'insu suna da kurkuku na kansu. Shin gaskiya ne? In haka ne, wace irin rayuwa ɗalibai suke yi a wancan zamani, kuma yaushe suke samun lokacin karatu?

Amsa: Abin da aka faɗa maka gaskiya ne, malam, duka biyun. Tabon na takobi ne, kuma akasari da son ran mai shi aka yi masa; kurkukun ma yana nan har yau a garin Heidelberg, sai dai ya koma gidan tarihi. Amma idan muka soma da takobin, za a ɗauka haukar ƙuruciya ce kawai, alhali waɗannan al'adu suna da dokokin da suka fi na jami'ar tsauri, kuma akwai aikin da suke yi wa masu mulkin ƙasar. Don haka gara mu soma da yadda jami'ar take.

Saurayin da ya shiga jami'a a Jamus a wancan ƙarni ya fito ne daga makarantar da ake kira Gymnasium, inda ya shafe kimanin shekara tara yana fama da Latin da Girkanci a hannun malamai marasa sassauci, kuma tun daga 1834 Purushiya, ɗaya daga cikin manyan ƙasashen Jamus kafin haɗewarsu, ta wajabta cin jarrabawar kammala wannan makaranta kafin a karɓi mutum a jami'a. Ranar da aka rubuta sunansa a littafin jami'a kuwa, sai a sakar masa linzami gaba ɗaya. Babu gidan kwanan ɗalibai, babu mai kiran suna a aji, babu malamin da aka ɗora wa alhakin sanin inda ya kwana. Jami'ar Berlin, wadda aka buɗe a 1810 bisa tunanin Wilhelm von Humboldt, ta ƙarfafa ra'ayin cewa farfesa yana da 'yancin koyar da abin da bincikensa ya kai shi, ɗalibi kuma yana da 'yancin zaɓar laccar da zai saurara. Zai biya kuɗin laccar, kuɗin ya shiga hannun malamin (ƙananan malamai marasa albashi ma da shi suke ci), a sa masa hannu a ɗan littafinsa, sannan ko ya halarta ko bai halarta ba, babu mai tuhumarsa. Jarrabawar da take da nauyi tana can ƙarshe, bayan shekara uku ko huɗu, ta shiga aikin gwamnati ko ta digirin dakta. Kafin nan yana iya yin zangon rani a Heidelberg ko Bonn saboda kyawun kogi da tsaunuka, ya yi na hunturu a Berlin ko Leipzig, ko ma ya ajiye karatun ya tafi yawon buɗe ido. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya shiga jami'ar Berlin a 1839, ya katse karatu ya yi doguwar tafiya a Italiya, ya dawo ya karɓi digirinsa a 1844, kuma babu wanda ya ɗauki wannan katsewar a matsayin laifi.

Wurin zamansa ɗaki ne na haya a gidan wani mai sana'a a cikin gari, matar gidan ta kawo masa kofi da burodi da safe, sauran abincin ya nema a waje da kuɗin da mahaifinsa yake aiko masa. Ɗaliban ba su da yawa: a 1830 duk ƙasashen Jamus ba su tara dubu ashirin ba, sai wajen 1900 ne suka haura dubu talatin. Sai dai garuruwa irin su Göttingen, Jena, Tübingen da Marburg ƙanana ne, kuma tela da mai wanki da mai gidan abinci da mai ba da hayar doki duk da ɗalibai suke rayuwa. To, ka haɗa waɗannan abubuwa wuri guda: yaro ɗan shekara goma sha takwas ko sha tara, nesa da iyayensa, da kuɗi a aljihu, babu mai tsawata masa, a garin da ba ya son ɓata masa rai. Gurbin da jami'a ta bari, ƙungiyoyin ɗalibai ne suka cike shi.

Asalin waɗannan ƙungiyoyi na 'yan gari ɗaya ne, inda mutanen yanki guda suke haɗuwa don su taimaki juna a baƙon wuri, shi ya sa sunayensu suka zama sunayen yankuna da Latin, kamar Borussia ta mutanen Purushiya, Saxonia ta Saksoni, Rhenania ta mutanen gaɓar kogin Rhine. A farkon ƙarnin suka rikiɗe suka zama abin da ake kira Korps, suka daina damuwa da asalin gari suka koma duba gidan da mutum ya fito da ƙarfin aljihun mahaifinsa. Kowace ƙungiya tana da launinta, wanda ake gani a hula da kuma wani siririn ƙyalle da ake ratayawa daga kafaɗa ya ratsa ƙirji, ta yadda daga nesa za a san ko wane ne mutum. A Heidelberg farar hula ta 'yan Saxo-Borussia ce, ƙungiyar 'ya'yan sarauta. Dogon lofe mai tuntu, da katon kare da ake ja a titi, duk suna cikin ado.

Sabon shiga ana kiransa Fuchs, wato yanyawa, kuma yakan yi zango biyu a wannan matsayi. Ƙyallensa yawanci launi biyu ne maimakon uku, ba shi da ƙuri'a a taro, shi ne mai zuba giya da ɗaukar kayan faɗa, akwai kuma babba guda da aka naɗa don ya koya wa sababbi tarihin ƙungiya da waƙoƙinta da kundin ƙa'idojin da ake kira Komment. Kowane yanyawa yana zaɓar wani daga cikin manya ya zama kamar yayansa, mai ba shi shawara da tsaya masa. Komment ɗin nan bai bar komai ba: yadda ake gaisuwa a titi, wanda zai fara cire hula, kalmar da ta kai zagi da wadda ba ta kai ba, da lokacin da mutum biyu za su daina yi wa juna jam'in girmamawa su koma kiran juna kai tsaye, abin da ake yi ta hanyar saƙala hannuwa a sha daga kofi. Idan yanyawa ya cika sharuɗɗa aka ɗaga shi ya zama cikakken ɗan ƙungiya, zumuncin na har abada ne, ba ya ƙarewa da ƙarewar karatu. Ka riƙe wannan, domin a kansa komai ya rataya.

Zaman giya shi ne taron mako na ƙungiya, kuma ba sakaka ake yinsa ba. Shugaba yana zaune a kan tebur da takobi a gabansa, in ya buga shi a katako kowa ya yi tsit. Ana rera waƙoƙi daga littafi, ana shan giya bisa umarni. Idan babba ya ɗaga kofi ya sha don girmama ƙarami, wajibi ne ƙaramin ya rama da daidai abin da aka sha cikin ɗan ƙayyadadden lokaci, kuma ana iya hukunta wanda ya karya ƙa'ida da tilasta masa shanye kofi ko a ware shi daga tebur sai ya wanke kansa da ƙarin sha. A manyan bukukuwa akwai al'adar soke huluna a kan takobi ana waƙar mubaya'a ga sarkin ƙasa. Masu kare wannan al'ada suna cewa tana koya wa mutum kame kansa ko da ya bugu. Ni dai ban ga abin yabo a nan ba: tsari ne da yake tilasta wa yaro shan abin da jikinsa ba ya so don kawai babba ya ce, kuma ya lalata lafiya da dukiyar samari masu yawa. Max Weber, masanin zamantakewa da duniya ta sani, ya shiga jami'ar Heidelberg a 1882 yana siririn saurayi, ya shiga ƙungiyar Allemannia. Da mahaifiyarsa ta gan shi ya kumbura da giya ga tabo a kunci, mari ta kai masa. Daga baya shi da kansa ya soki tarbiyyar waɗannan ƙungiyoyi da kakkausar murya, ya kuma fice daga tasa a 1918.

Yanzu ga takobin. Dole a raba abu biyu da ake yawan cuɗanyawa. Akwai fito-na-fito na gaske, da bindiga ko takobi mai nauyi, wanda ake yi idan an ci mutuncin mutum, kuma ana mutuwa a cikinsa. Mawallafin waƙoƙi Heinrich Heine an kore shi daga Göttingen na wata shida a 1821 saboda ya ƙalubalanci wani ɗalibi da bindiga. Sannan akwai Mensur, wanda shi ne tushen tabon da ka gani. A farkon ƙarnin shi ma sai da dalilin zagi ake yinsa, kuma a wasu jami'o'i da takobin suka ake yi, wanda yake huda huhu ya kashe mutum. Jena na cikin wuraren da suka daɗe a kan wannan salo har shekarun 1840. Yawan mace-mace ya sa aka koma takobin sara, aka yi ta ƙara kayan kariya, har a tsakiyar ƙarnin aka kawo tabarau na ƙarfe don kare ido. Daga nan kuma sai aka daina jiran zagi: shugabannin ƙungiyoyi biyu su zauna su haɗa samari masu tsawo da ƙwarewa daidai da juna, waɗanda watakila ba su taɓa ko gaisawa ba, a sa musu rana.

Yadda ake yi shi ne, mutum biyu su tsaya fuska da fuska, tazarar da ke tsakaninsu kamar tsawon takobi. An naɗe musu wuya da ƙirji da hannun dama da fata da yadi mai kauri, an rufe ido, an bar kai da kumatu a buɗe. Hannun hagu yana baya. A salon ƙarshen ƙarnin ba a ja da baya, ba a sunkuyawa, ba a kauce wa sara da kai; hannu ne kawai yake aiki a sama. Kowanne yana da mai tsaya masa a gefe, riƙe da nasa takobin don ya raba su da zarar an ce a tsaya, ga alƙali daga ƙungiyar da ba ta cikin faɗan, ga likita yana jira. Ana yin sara kaɗan a tsaya, a duba, a ci gaba, har a cika kamar minti goma sha biyar na faɗa ko likita ya ce raunin ya isa. Da yake mafi yawan mutane da dama suke riƙe takobi, gefen hagu na fuskar abokin karawa ne yake shan yanka, shi ya sa in ka sake duba hotunan za ka ga tabon galibi a hagu yake. Likita yana ɗinke raunin nan take a gaban jama'a ba tare da maganin kashe zafi ba. A Heidelberg ana yin wannan a wani masauki da ke Hirschgasse, a ƙetaren kogin Neckar.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba a neman wanda ya ci. Bayan an gama, 'yan ƙungiyar kowane ɗan wasa za su zauna su yanke hukunci a kan nasu: shin ya tsaya bai yi ko gezau ba, ko kuwa ya janye kansa lokacin da kaifi ya taho? Wanda aka yi wa kaca-kaca da fuska amma bai motsa ba ya fita kunya. Wanda ya fita ba ƙwarzane amma aka ga ya razana, sai ya sake, in ya ci gaba da gazawa a kore shi. Wanda ya taɓa kallon sharo a wajen Fulani zai gane wannan nan da nan, domin can ma ba gwanin duka ake yabo ba, wanda ya ɗauki bulala fuskarsa ba ta sauya ba shi ne gwarzo, tabon kuma shaida. Bambancin yana wajen lada: saurayin Jamus yana ɗauke da shaidarsa a fuska zuwa ofishin da zai nemi aiki, inda mai ɗaukar ma'aikatan ma yake da irinta.

Doka ta haramta duk wannan. Kotun ƙolin daular Jamus da ke Leipzig ta yanke hukunci a 1883 cewa Mensur fito-na-fito ne da makamin kisa, mai yin sa ya cancanci tsarewa. Amma 'yan sanda sun saba kau da kai, alƙalan ma da yawansu tsofaffin 'yan ƙungiya ne, kuma a 1891 Sarki Wilhelm na Biyu, wanda ya yi karatu a Bonn yana cikin Korps Borussia, ya tsaya a gaban ɗaliban garin ya yabi tarbiyyar Korps da faɗan takobinsu a bainar jama'a. Dokar da sarki yake yabon masu karya ta, ka san iyakar ƙarfinta.

Batun kurkuku kuwa ya samo asali ne daga wani tsohon gata: jami'a tana da hurumin shari'a a kan ɗalibanta. Ɗalibin da ya yi laifi a gari ba a kai shi gaban alƙalin gari, sai gaban hukumar jami'a, wadda take da nata alƙali da nata dogarai. An soke wannan hurumi a 1879 lokacin da aka daidaita tsarin kotunan daular, amma aka bar wa jami'a ikon ladabtarwa, shi ya sa kurkukun Heidelberg, wanda ake kira Karzer, ya ci gaba da aiki har 1914. Laifuffukan sanannu ne: ihu da waƙa cikin dare, kashe fitilun titi, tsokanar ɗan sanda, sakin aladun mutane su bazu a gari, da faɗan takobi in an kama. Hukunci yakan kama daga kwana ɗaya zuwa mako huɗu. Kwanakin farko burodi da ruwa ake bayarwa, daga baya sai a bari a kawo wa mutum abinci daga waje, abokai su ziyarce shi, har ya fita ya halarci lacca ya dawo. A ƙarshen ƙarnin zaman Karzer ya zama abin alfahari, fursunonin suka cika bango da silin da sunayensu da hoton fuskokinsu sanye da hular ƙungiya, suna zanawa da baƙin hayaƙin kyandir da fenti, suka kuma laƙaba wa ɗakunan sunayen fadoji da manyan otal. Karl Marx, a shekararsa ta Bonn daga 1835 zuwa 1836, ya yi kwana ɗaya a tsare saboda maye da hayaniyar dare, abin da aka rubuta a takardar barinsa jami'ar, mahaifinsa kuma ya mayar da shi Berlin. Otto von Bismarck, shugaban gwamnatin haɗaɗɗiyar Jamus na farko daga baya, wanda ya shiga Göttingen a 1832 ya zama ɗan Korps Hannovera, ya yi faɗan takobi sama da ashirin a zango uku, shi ma ya ɗanɗana Karzer. Hukuncin da ake tsoro da gaske shi ne kora, ko ta ɗan lokaci ko ta dindindin.

Tsakanin ɗalibai da mutanen gari akwai raini da buƙatar juna. Ɗalibai suna cin bashi har hukumomi suka kafa dokokin iyakance abin da ɗan kasuwa zai iya ba ɗalibi bashi, kuma suna da makami biyu masu zafi. Na farko shi ne shelar ƙaurace wa mai shago ko mai gidan haya da ya ɓata musu, ta yadda duk ɗalibin da ya taka ƙofarsa shi ma ya zubar da mutuncinsa. Na biyu shi ne ficewa daga gari baki ɗaya, kamar yadda ɗaliban Göttingen suka yi zuwa Witzenhausen a 1818, na Heidelberg kuma zuwa Frankenthal a 1828, su bar 'yan kasuwa suna lissafin asara har a nemi sulhu.

Ba zan yi wa ɗaliban farkon ƙarnin adalci ba idan na tsaya a giya da rigima. Waɗanda suka dawo daga yaƙin korar Napoleon sun kafa wata sabuwar ƙungiya a Jena ranar 12 ga Yuni 1815, Burschenschaft, da nufin rushe rarrabuwar yankuna a haɗa ɗalibai duka a inuwa ɗaya, kamar yadda suke fatan a haɗa ƙasashen Jamus. Launukansu, baƙi da ja da ruwan zinariya, su ne na tutar Jamus ta yau. A Oktoban 1817 kimanin ɗalibai 500 suka taru a fadar Wartburg suna neman haɗin kai da tsarin mulki, sai dai a daren nan wasunsu suka ƙona takardu masu ɗauke da sunayen littattafan da suka ƙi, har da na wani marubuci Bayahude, Saul Ascher, wanda hakan ya nuna cewa tun daga tushe kishin ƙasar yana tafe da ƙyamar wasu. A Maris 1819 wani ɗalibin ilimin addinin Kirista, Karl Ludwig Sand, ya daɓa wa marubuci August von Kotzebue wuƙa a Mannheim ya kashe shi, yana zarginsa da yi wa Rasha aiki. Metternich, ministan harkokin wajen Ostiriya, ya samu abin da yake nema: dokokin Karlsbad na wannan shekarar suka haramta Burschenschaft, aka ajiye wakilin gwamnati a kowace jami'a yana sa ido kan malamai da ɗalibai, aka hana 'yan haramtattun ƙungiyoyi aikin gwamnati. Samari da yawa sun sha ɗauri na shekaru, musamman bayan yunƙurin da wasu ɗalibai suka yi na ƙwace ofisoshin 'yan gadi a Frankfurt a 1833. A 1837, da sarkin Hanover ya soke tsarin mulki ya kori farfesoshi bakwai na Göttingen da suka ƙi amincewa, ciki har da 'yan'uwan nan biyu masu tattara tatsuniyoyi, Jacob da Wilhelm Grimm, ɗalibai sun taka da ƙafa cikin sanyi zuwa kan iyaka don yin bankwana da ukun da aka fitar daga ƙasar. Wannan jarumtaka ce ta gaske, kuma tana da tsada fiye da yanka a kunci.

Bayan haɗewar Jamus a 1871 abin ya juya. Ƙasar da ake nema ta samu, a hannun sarki da soja, sai ƙungiyoyin suka koma masu gadin tsarin da yake akwai. A nan ne zumuncin har abada ya nuna amfaninsa. Tsofaffin 'yan ƙungiya, waɗanda suka zama ministoci da alƙalai da shugabannin kamfanoni, su ne suke gina wa ƙungiya gida, su biya mata bashi, su kuma buɗe wa ƙannensu ƙofar aiki. Mai ilimin sakandare yana da gatan yin aikin soja na shekara ɗaya kacal da damar zama hafsan ko-ta-kwana, wannan ma wani tsani ne. Jama'a ta kasu biyu: waɗanda mutuncinsu ya kai a kare shi da makami, wato hafsoshi da 'ya'yan sarauta da masu ilimin jami'a, da sauran mutane, waɗanda ko sun zagi mutum ba a ƙalubalantarsu domin ba a ɗauke su tsara ba. A ganina wannan shi ne ainihin aikin waɗannan al'adu. Yaron da aka ba cikakken 'yanci ya miƙa wuyansa ga wani tsari da yake koya masa bin umarnin na sama ba tambaya, da jure ciwo ba ƙorafi, da ganin kansa a saman talaka, kuma irin wannan mutumin daular take so a ofisoshinta.

Waɗanda aka bari a waje su ne suka fi yawa. 'Yan Korps a ƙarshen ƙarnin ba su kai ɗaya cikin goma na ɗalibai ba, domin kuɗin da ake kashewa a ciki ya fi ƙarfin ɗan malamin makaranta ko ɗan ƙaramin ma'aikaci. Cocin Katolika ta haramta wa mabiyanta fito-na-fito, sai ɗalibanta suka kafa nasu ƙungiyoyin masu hula da launi amma babu takobi, haka ma ƙungiyar Kiristoci ta Wingolf, kuma masu takobi sun daɗe suna yi musu kallon raggwaye. Yahudawa sun fi kowa shan wulaƙanci. Daga wajen 1880 ƙyamarsu ta bazu a jami'o'i, ƙungiyoyi suka riƙa rufe musu ƙofa, har ɗaliban Yahudawa a Breslau suka kafa tasu mai takobi, Viadrina, a 1886, don su nuna ba tsoro ne ya hana su ba. Amsar da wasu ƙungiyoyin Ostiriya suka bayar a 1896 ita ce ƙudurin cewa Bayahude ba shi da mutuncin da za a kare, saboda haka ba za a kara da shi ba. Ɗalibin talaka kuwa yana rayuwa ne da koyar da 'ya'yan masu kuɗi, da abincin sadaka da wasu gidauniyoyi suke bayarwa, da roƙon a jinkirta masa kuɗin lacca, ko ya zaɓi karatun addini saboda wurare irin su gidan ɗaliban coci na Tübingen suna ba da kwana da abinci. Waɗanda ba su cikin kowace ƙungiya ana kiransu da sunayen raini, sai a 1896 suka soma haɗa kansu a Leipzig don su ma a ji muryarsu.

Ka tambayi yaushe suke karatu. Ɗan Korps mai karatun shari'a yakan ɓatar da zangunan farko a filin takobi da teburin giya, in jarrabawa ta matso ya koma wani gari ya biya mai koyarwa na kuɗi ya ɗura masa abin da zai amsa. Ta wannan hanyar Bismarck ya ci tasa a Berlin a 1835. Amma a daidai wannan lokaci, a waɗannan garuruwa, ana yin karatun da duniya ba ta da kamarsa. Justus Liebig ya soma koyar da ilimin sinadarai a Giessen a 1824 ta hanyar sa ɗalibai aiki da hannunsu a ɗakin gwaje-gwaje tun safe har dare. Masanin tarihi Leopold von Ranke yana tara ɗalibai kaɗan a Berlin suna tantance tsofaffin takardun tarihi layi bayan layi. A Heidelberg, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff sun gano hanyar sanin sinadari daga launin hasken da yake fitarwa, suka gano sababbin sinadarai biyu a 1860 da 1861. Wannan ne ya jawo dubban Amurkawa zuwa Jamus, ciki har da W. E. B. Du Bois, masani kuma mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, wanda ya yi karatu a Berlin daga 1892 zuwa 1894. 'Yancin da ya bar wani ya lalace shi ne ya bar wani ya duƙufa a kan bincike ba mai katse shi. A ɗakin lacca ma ɗalibai suna da hanyar bayyana ra'ayi: buga ƙafa a ƙasa yabo ne ga malami, goga takalmi a daɓe kuwa alamar rashin yarda ce.

Duk abin da na faɗa na maza ne, domin a tsawon ƙarnin ba a rubuta sunan mace a matsayin cikakkiyar ɗaliba. Sofia Kovalevskaya, 'yar Rasha mai baiwar lissafi, ta zo Heidelberg a 1869, aka bar ta ta saurari lacca bisa izinin kowane farfesa ɗaya bayan ɗaya. A Berlin ko wannan ba ta samu ba, sai masanin lissafi Karl Weierstrass ya riƙa koyar da ita a keɓe, kuma Göttingen ta ba ta digirin dakta a 1874 ba tare da ta zauna a ajinta ba. Purushiya ta yarda mata su shiga a matsayin masu sauraro a 1896. Ƙasar Baden, mai jami'o'in Heidelberg da Freiburg, ita ce ta fara karɓarsu a matsayin cikakkun ɗalibai a 1900, Purushiya kuma sai 1908. Ƙungiyoyin masu takobi ba su buɗe musu ƙofa ba, kuma waɗanda suke ci gaba da Mensur a Jamus da Ostiriya har yau maza kawai suke karɓa.